Gambo Sawaba: Matar da aka kora daga Kano saboda ƙuri'ar mata



Ke 'yar'uwa da kika yanki katin zaɓe kika jefa shi ƙasan akwati, kin san shekarar da aka fara barin macen Arewa ta kaɗa ƙuri'a? Da yawanmu za mu ce 1960, tunda a nan aka samu 'yancin kai. To, sai a 1976 ne. Shekara 16 cur Nijeriya tana da tutarta, amma doka ba ta yarda mace a Katsina ko Kano ko Zariya ta zaɓi ko da kansila ba. Idan kina da kaka a Ɗandume ko Funtuwa ko Malumfashi da ta haura shekara 80, ki tambaye ta zaɓen 1964. Da girmanta, wataƙila har da goyo a bayanta, amma tana gida maza suka tafi rumfar zaɓe suka dawo.

Yau labarin matar da ta fi kowa shan wuya a kan wannan magana zan ba ku, wato Hajiya Gambo Sawaba. Kuma ba daga wata uwa duniya take ba. Ka tashi daga Ɗandume, ka bi ta Funtuwa, ka ratsa Giwa da Shika, ka shiga Zariya, ka isa garinsu.

An haife ta ranar 15 ga Fabrairu, 1933. Sunanta na yanka Hajaratu, Gambo kuwa ka san sunan da Bahaushe ke ba wanda ya biyo bayan tagwaye ne. Mahaifinta mutumin Gana ne, lokacin ana ce wa ƙasar Gwalkwas. Safiyo ne, aikin reluwe ya kawo shi Nijeriya, ya zauna a Zariya, ya musulunta, aka san shi da Isa Amartey. Mahaifiyarta Fatima Banufiya ce daga yankin Lavun na Jihar Neja ta yanzu. Reluwen nan da ya kawo mahaifinta, shi ne dai aka ja reshensa daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda don kwasar auduga da gyaɗar kakanninmu. Ta taso cikin jama'ar Sabon Garin Zariya, inda Bahaushe da Banufe da Bayarabe da Ibo suke katanga ɗaya, kuma ina ganin wannan ya taimaka wajen cire mata tsoron baƙo da tsoron magana a bainar jama'a.

An sa ta makarantar firamare ta En'e da ke Tudun Wada, amma karatun bai yi nisa ba. Tana shekara 10 mahaifinta ya rasu, a 1943. Bayan shekara 3 mahaifiyar ma ta bi shi. Tana shekara 13 aka aurar da ita ga wani tsohon soja da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Da ta samu ciki, mijin ya sa ƙafa ya tafi, bai dawo ba. Ta haifi 'yarta Bilkisu a 1949.

Ka tsaya ka lissafa. A shekara 16, yarinyar nan marainiya ce ta uwa da uba, an cire ta daga makaranta, miji ya gudu, ga jaririya a hannu. Duk abin da ta zo tana faɗa a kan dandamali daga baya, auren ƙananan yara, hana 'ya mace ilimi, barin mace ba sana'a, ba a littafi ta karanto shi ba.

Kafin ka gane me ta yaƙa, sai ka san yadda ake mulkin Arewa a lokacin, don mu 'yan yanzu sunan En'e kawai muke ji a bakin tsofaffi. Bature yana sama, amma ba shi talaka ke gani kullum ba. Sarki ne da hakimi da dagaci da mai unguwa. Su ke karɓar haraji a kan kowane baligi, su karɓi jangali a kan kowace saniya. Kotun alƙali a ƙarƙashinsu take, 'yan doka nasu ne, gidan yari ma nasu ne. Wanda ya kama ka, da wanda zai yi maka shari'a, da wanda zai tsare ka, duk gida ɗaya suka fito. Ga kuma aikin tilas, a kwashe majiya ƙarfi a kai su gyaran hanya ko noman gandun wani babba ba ko sisi. A yankinmu na auduga kuwa, manomi ya sha rana ya tsince ta, amma ba shi ke sa mata kuɗi ba. An riga an yanke farashi, nasa ya kai ma'auna, daga nan a wuce da ita injin gurza na Funtuwa.

Wannan tsari ne wasu matasa takwas suka taru a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950 don su ƙalubalanta, suka kafa jam'iyyar NEPU. Cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano ya zama jagoranta daga baya. A 1952 suka fitar da Sanarwar Sawaba, wadda a taƙaice ta raba al'ummar Arewa gida biyu, masu riƙe da En'e a gefe guda, talakawa a ɗaya gefen, ta kuma ce buƙatun ɓangarorin nan biyu ba sa haɗuwa, don haka talaka sai ya karɓi mulki da ƙuri'arsa kafin ya samu sawaba. Alamarsu tauraro. Abokiyar hamayyarsu NPC, jam'iyyar Sardauna da Tafawa Ɓalewa da sarakuna ke mara wa baya, alamarta fartanya, takenta Salama.

Gambo ta shiga NEPU tana shekara 17, a lokacin da manyan maza a Zariya ke ɓoye katinsu na jam'iyya don kada dagaci ya ji. Masu rubuta tarihinta sun kawo cewa a wani taron lacca a Zariya ne ta fara fice, inda maza suka cika wuri kowa na jin nauyin buɗe baki, ita kuwa ta hau dandamali ta yi magana. Ba a daɗe ba aka ba ta shugabancin matan NEPU, laƙabin Sawaba kuma, wanda Malam Aminu aka fi dangantawa da liƙa mata, ya bi ta har ya danne sunan mahaifinta.

Wani abin da ya burge ni game da ita shi ne, ba ta tsaya a kan zafin zuciya kawai ba, ta je ta koyo yadda ake yi. Ta yi tattaki har Abeokuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti, mahaifiyar mawaƙin nan Fela. Ita Funmilayo ce ta haɗa kan dubban matan kasuwa a kan harajin da aka ɗora wa mata, suka yi ta zaman dirshan a ƙofar fada har Alake na Egba ya sauka daga gadon sarauta a farkon 1949, kodayake ya dawo daga baya. Funmilayo tana da hulɗa da ƙungiyoyin mata na ƙasashen gurguzu, ta je Sin, har gwamnati ta ƙi sabunta mata fasfo bisa zargin tana da ra'ayin kwaminisanci, daga baya kuma Tarayyar Sobiyet ta ba ta lambar yabo ta Lenin. Zamanin yaƙin cacar baka ne tsakanin Amurka da Rasha, duk wanda ya ce talaka da mai mulki ba ɗaya ba ne, sai a shafa masa jan fenti. 'Yan NEPU ma ba su tsira ba. An ce da su 'yan gurguzu, an ce marasa kunya ne da ba sa ganin girman manya, an ce ma ba ruwansu da addini.

To, ina gaskiyar take? Babu shakka akwai ƙamshin gurguzu a yadda NEPU ke kallon al'umma, musamman wajen raba ta tsakanin masu ci da waɗanda ake ci da guminsu. Amma hujjojin da suke kai wa talaka daga cikin gida suke. Malam Aminu ɗan gidan malamai da alƙalai ne, mai tafsiri. Abin da suke tunatar da mutane shi ne, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya soki haraji na zalunci, kuma a littafinsa Nurul Albab ya caccaki malaman da ke koyar da almajirai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u kuwa ta kafa tsarin 'yan taru, tana tura jajis ƙauyuka su karantar da mata. Gambo musulma ce, ta sauke farali, Hajiya ce. Abin da take nema wa mata a fili yake: a bar su su yi karatu, a daina aurar da su tun ba su san kansu ba, a ba su aikin yi, a ba su ƙuri'a. Ta haɗa da soke aikin tilas da harajin da ya fi ƙarfin talaka. Ka duba jerin nan da kyau ka faɗa mini wanne ne a ciki ya saɓa wa addini.

A 1952 jam'iyya ta tura ta Kano don ta jawo mata. Ga matsala, yawancin matan birni suna kulle, ba su zuwa lacca. Sai ta riƙa bin su gida-gida, ta yi sallama ta shiga har tsakar gida inda namiji ɗan siyasa ba shi da ikon taka ƙafa. Abin da ya tayar wa hukuma hankali ke nan. Lacca a fili ana iya hana ta izini ko a turo 'yan doka su watsa ta, amma yaya za ka yi da hirar mata a bakin murhu? Aka kama ta tare da mata kusan 200 bisa laifin yin taro ba izini, alƙali ya ɗaure su wata guda-guda. Da ta fito ba ta yi shiru ba, ta fallasa irin ƙazanta da wulaƙancin da ta gani a gidan yarin. Ƙarshenta hukumar En'e ta Kano ta yanke cewa ta bar ƙasar Kano gaba ɗaya, aka haɗa ta da masu tsaro suka raka ta, aka mayar da ita Zariya.

Idan aka ce ɗan gwagwarmaya yana gudun hijira, hankalinmu kan tafi nesa, irin 'yan gurguzun Iran maza da mata da suka watsu biranen Turai bayan juyin juya halin 1979. Ko nan kusa, Djibo Bakary na Nijar, wanda jam'iyyarsa ita ma Sawaba take suna, an haramta ta a 1959, ya yi shekaru yana zaman hijira a Mali da Gana da Gini. Na Gambo ya sha bamban. Ba ta tsallaka iyakar kowace ƙasa ba. A cikin ƙasarta, a cikin Jihar Arewa, aka shata mata layi aka ce kada ta ƙetare, kuma birnin da aka hana ta shi ne hedikwatar jam'iyyarta. Ba ta fi shekara 20 ba a lokacin, sa'ar yawancinmu da ke karanta wannan shafi a waya.

Korar ba ta sa ta saduda ba. A lissafin da aka fi sani, sau 16 aka ɗaure ta a rayuwarta, a gidajen yari daban-daban. An rubuta cewa har bargo take da shi na musamman da take ɗauka duk lokacin da aka zo kama ta. An yi mata bulala, an aske mata kai, 'yan bangar siyasa sun tare ta sun yi mata dukan kawo wuƙa. Bangar siyasa ba yau ta fara ba, a Kano ta wancan zamani har ƙungiya aka yi da ake kira 'Yan Mahaukata, aikinsu farautar 'yan NEPU.

Amma a ganina makamin da ya fi duka da ɗauri illa shi ne ɓata suna. Duk macen da ta fito siyasa a lokacin, sunanta karuwa. Ka lura da yadda tarkon yake. An ce matar kirki ba ta fita taro. Saboda haka waɗanda ke iya fita su ne zawarawa da masu zaman kansu da 'yan kasuwa, matan da ba mijin da zai hana su. Sai a juyo a nuna su a ce, kun gani ko, ai dama siyasa ba ta matan kirki ba ce. Alhali ita NPC ɗin ma tana da nata reshen matan da ke yi mata rawa da guɗa a wurin taro, ƙuri'ar ce dai ba za a ba su ba. Gambo ta yi aure sau huɗu, ba wanda ya ɗore, kuma masu adawa da ita sun mayar da wannan abin yi mata gori. Ni kuwa tambayar da nake yi ita ce, wane namiji ne a Zariyar 1950 da wani abu zai jure a riƙa zuwa ana kama matarsa, 'yan unguwa na nuna shi da baki? Kuma ba na ce waliyyiya ce ba. Waɗanda suka san ta sun ce mace ce mai zafi, tun tana yarinya ba ta ganin ana faɗa ta wuce sai ta shigar wa wanda aka fi ƙarfi, kuma bakinta ba ya da linzami idan ta hau dandamali. Mai sanyin hali da kawaici ba zai iya abin da ta yi ba.

Ke da kike Facebook ko TikTok, wannan makami ba baƙo ba ne a wurinki. Bari wata ta fito takarar kansila, ko ta yi rubutu a kan matsalar asibitin garinsu, ki shiga wurin sharhi ki gani. Ba mai tambayar me ta ce. Tana da aure? Me ya fito da ita daga gidan mijin? Wa ke ɗaukar nauyinta? Tambayoyin da aka yi wa Gambo ne shekara 70 da suka wuce, waya kawai aka ƙara.

A 1956 ta jagoranci mata suka je ofishin Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello, a Kaduna, suna neman a ba mata ƙuri'a. Ba a ba su ba. Matsayin NPC shi ne lokaci bai yi ba, al'ada da addinin jama'a ba za su ɗauka ba. Na san Sardauna mutum ne da muke girmamawa, kuma ya cancanta, ko Jami'ar Ahmadu Bello da ya kafa a 1962 kaɗai ta isa shaida. Amma a wannan magana tarihi bai ba shi gaskiya ba. A shekarar nan ta 1956 Faransa ta yi dokar da ta ba kowane baligi, mace da namiji, ƙuri'a a ƙasashen da take mulka a Afirka. Ma'ana, Bahaushiyar Maraɗi da ta Damagaram sun samu abin da aka hana Bahaushiyar Katsina, harshe ɗaya, addini ɗaya, wani lokaci ma dangi ɗaya. Masar ta ba mata ƙuri'a a 1956, Turkiyya tun 1934, Iran a 1963. A gida Nijeriya kuwa, zaɓen tarayya na 1959 matan Gabas da na Yamma da na Legas duk sun yi, na Arewa ne kaɗai aka bari a baya.

Abin ban takaici, kuma abin dariya ta wani ɓangaren, ba 'yan siyasa ne suka ba da ƙuri'ar nan ba. Sojoji suka yi juyin mulki a 1966 suka rushe jam'iyyu duka, har da NEPU da NPC. Sojojin ne kuma, a gwamnatin Janar Obasanjo da ta gaji ta Murtala, suka yi gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya kawo ƙarshen En'e ya kuma buɗe wa matan Arewa ƙofar zaɓe. Da aka zo babban zaɓen 1979 mata suka fito suka yi layi, sama ba ta faɗo ba, aure bai mutu ba, masallatai ba su rufe ba. Waɗanda suka ce al'umma ba za ta ɗauka ba su ne suka koma sayen atamfa da sabulu suna neman ƙuri'ar matan.

A Jamhuriya ta Biyu da yawa sun zaci za ta bi Malam Aminu zuwa PRP, magajiyar NEPU. Sai ta shiga GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, mai taken siyasa ba da gaba ba, har ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar ta ƙasa. Duk da haka ta ga cikar wani tsohon burinsu. Gwamnonin PRP biyu, Balarabe Musa a Kaduna da Abubakar Rimi a Kano, suna hawa mulki a 1979 suka soke haraji da jangali. Ɗandume a lokacin tana cikin Jihar Kaduna, don sai a 1987 aka yanke Jihar Katsina. Saboda haka idan mahaifinka manomi ne bai taɓa ɓuya a rumbu don gudun mai karɓar haraji ba, akwai hannun su Gambo a ciki ko bai taɓa jin sunanta ba.

Ba ta taɓa zama 'yar majalisa ko minista ba. Ba ta tara dukiya ba. Gidanta na Sabon Gari ya zama matattarar marayu da marasa galihu, 'ya ɗaya ta haifa amma ta riƙe yara da dama da ba ta haɗa komai da su ba. A ƙarshen shekarun 1990 ta janye daga siyasa, tana ƙorafin cewa abin ya koma na kuɗi, aƙida ta gushe.

Ƙuri'ar dai an samu, kujerar ce har yanzu shiru. Majalisar Dattawan da aka zaɓa a 2023 tana da kujeru 109, mata 4 ne a ciki. Majalisar Dokokin Jihar Katsina tana da kujeru 34, a zaɓen na 2023 ba mace ko ɗaya da ta shiga. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori 5 da suka shafi mata a gyaran tsarin mulki, ciki har da na ware musu kujeru. Nan yankinmu kuwa, daga Ɗandume zuwa Sabuwa da Faskari, duk wanda ya ga waɗanda rikicin 'yan bindiga ya raba da ƙauyukansu ya san mata da yara suka fi yawa, kuma a zauren da ake yanke abin da za a yi musu, maza ne zalla.

Hajiya Gambo ta rasu a watan Oktoba na 2001 a Zariya, tana da shekara 68. Babban asibitin gwamnati da ke Ƙofar Gayan a Zariya sunanta yake ɗauke da shi. A Kano kuwa, birnin da aka taɓa fitar da ita da rakiyar masu tsaro, akwai ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero da ake kira Gambo Sawaba.

Allah ya jiƙanta da rahama. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.